Tashar Calshot: Gyaran da Ba Ya Ƙarewa a Tsibirin Tristan da Cunha

Jirgin ruwan da ya tashi daga Cape Town ta Afirka ta Kudu yakan kwana shida a hanya, wani lokaci fiye, kafin ya hango Tristan da Cunha. Hangowa kuwa ba isowa ba ce. Babu babban jirgin da zai iya shiga tashar tsibirin, don ƙarama ce ƙwarai, ruwanta kuma ba zurfi. Sai dai jirgi ya saki anga daga nesa ya jira. In teku ya kwanta, mutanen gari su fito da kwale-kwale masu inji da faffaɗan jiragen fito, su yi ta jigilar fasinja da buhunan fulawa da gangunan man dizal. In teku ya ƙi, mutum yana iya kwana uku a kan jirgi yana hangen rufin gidansu ba halin sauka. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne, a cikin kwana 365 na shekara, kamar kwana 60 ne tashar ke shiguwa lafiya.

Tsibirin yana kudancin Tekun Atlantika, ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Tsakaninsa da Cape Town akwai kimanin kilomita 2,800, wato kusan ninki uku na tafiyar Kano zuwa Legas a mota, kuma duk ruwa ne. Maƙwabcinsa mafi kusa da ke da mazauna na dindindin shi ne tsibirin Saint Helena, shi ma yana da nisan kilomita 2,400. Mutanen wurin ba su wuce 250 ba, dukansu a gari ɗaya mai suna Edinburgh of the Seven Seas, a kan wani ɗan shimfiɗaɗɗen fili da ke gindin dutse mai aman wuta wanda tsayinsa ya kai mita 2,062. Babu filin jirgin sama, babu ma fili mai kyau da za a gina shi. Jirgi mai saukar ungulu ba ya iya ƙetaro wannan nisa daga kowace gaɓa, sai dai wanda jirgin ruwa ya ɗauko a bayansa. Saboda haka kusan duk abin da zai shiga Tristan ko ya fita, daga allurar asibiti har gawa, ta bakin tashar Calshot zai bi.

Ita wannan tasha, tun da aka gina ta ake gyaranta. Wanda ya karanta tarihin gyare-gyaren daga nesa zai iya cewa aikin algus aka yi tun farko, ko kuma ana cin kuɗin. Ni ban ga haka ba. A wuri irin wannan gyara ba aikin da ake gamawa a miƙa makulli ba ne, kuma babbar matsalar tashar ita ce masu ba da kuɗi sun daɗe suna ɗaukarsa kamar haka yake.

Kafin 1961 babu tasha sam. Mutanen Tristan suna da dogayen kwale-kwale na katako da aka lulluɓe da tamfol, suna tura su daga kan rairayin gaɓa su keta igiyar ruwa da ƙarfin dantse. Sana'a ce mai cin rai. A Nuwamban 1885 maza 15 suka fita a kwale-kwale ɗaya don su tari wani jirgi mai wucewa su yi musayar kaya, ba a sake ganinsu ba, garin ya wayi gari kusan duk zawarawa da marayu. A Oktoban 1961 ƙasa ta tsage dab da gari, narkakken dutse ya malalo, ya binne masana'antar da ke sarrafa abin da masunta suka kamo, ya rufe gaɓar da ake sauka. Aka kwashe mutum 264, kowa da kowa, zuwa Ingila, aka zaunar da su a wani tsohon sansanin sojan sama a Calshot, kusa da Southampton. Hukumomin Landan sun so a ce zaman ya zama na dindindin. Da aka kaɗa ƙuri'a a ƙarshen 1962, mutum 148 suka ce gida za su koma, 5 kaɗai suka ce a zauna. A 1963 yawancinsu suka koma, suka tarar babu wurin da za a jawo kwale-kwale cikin aminci. Dole ta sa aka gina tasha, ta fara aiki a 1967, aka raɗa mata sunan wurin da suka yi gudun hijira.

Ba wurin da injiniya zai zaɓa ba ne in an ba shi zaɓi. Tsibirin kusan a kewaye yake kamar faifai, gefensa duk gangaren dutse ne mai miƙewa sama, babu wani lungun da ruwa ya shige cikin ƙasa ya samu mafaka. Shi kansa Bafotugalen da ya fara ganin tsibirin a 1506, Tristão da Cunha, bai iya sauka ba saboda haukan teku. An gina tashar a inda mutane suke ne kawai, a gaɓar arewa maso yamma, tana fuskantar inda iska da igiyar ruwa suka fi tasowa. Katanga biyu aka miƙa cikin teku, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, suka rungume ɗan ruwa a tsakaninsu. Igiyar da ke dukan katangar yamma ta yi tafiyar dubban kilomita daga wajen Kudancin Amurka ba tare da ta gamu da ko dutse ɗaya da zai rage mata ƙarfi ba.

Akwai wani lissafi da duk mai gina katangar teku ya sani, wanda wani injiniyan rundunar sojan Amurka mai suna Robert Hudson ya fitar a shekarun 1950. Abin da lissafin ke cewa shi ne, nauyin dutsen da ake bukata don ya tsaya a gaban igiya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsayin igiyar, ninkawa yake sau uku a jere. In dutse mai tan 2 ya ishi igiya mai tsayin mita 2, to igiya mai mita 4 ba tan 4 take so ba, tan 16 take so. Ko ƙarin kashi 10 cikin 100 a tsayin igiya yana nufin ƙarin kusan kashi 33 cikin 100 a nauyin dutse. Shi ya sa katanga za ta yi shekara goma tana shan duka ba ta motsa ba, guguwa guda ta zo ta watsar da ita a dare ɗaya.

Maganin da aka samo, a Afirka ta Kudu aka samo shi. A 1963, a tashar East London, aka ƙirƙiro wani tubalin kankare da ake kira dolos. Ka ɗauki siffar harafin H, ka murɗa ƙafa ɗaya ta koma a gicce, to ka ga dolos. Ba jera su ake yi kamar bulo ba. Zuba su ake yi a hargitse a gaban katanga, hannayensu su sarƙe da juna, sai igiya ta shige ramukan da ke tsakaninsu ƙarfinta ya tarwatse. Saboda wannan sarƙewar, dolos mai sauƙin nauyi yana yin aikin dutsen da ya ninka shi. Wanda ya taɓa zuwa bakin teku a Victoria Island a Legas ya ga danginsu jibge a katangar Eko Atlantic, masu wata siffa dabam, kowanne tan 5. Su dolos ɗin ne ke kare katangun Calshot. Amma suna da lagonsu. In igiya ta samu ɗaya yana rawa, sai ya yi ta gwaruwa da maƙwabcinsa har ya karye a ƙugu, ɓallin kuma ya zama guduma a hannun igiya ta gaba. Ƙara girma ma ba ya raba su da wannan. A Fabrairun 1978 guguwa ta rusa sabuwar katangar Sines a Fotugal, wadda aka yi da dolos masu tan 42 kowanne, aka tarar da yawansu a kakkarye.

Ban da duka daga waje akwai cuta daga ciki. Gishirin teku yana ratsa kankare a hankali har ya kai ga rodi. Rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, sai ta kumbura ta tsaga kankaren daga ciki, tsagar ta ba wa ruwa sabuwar hanya. A ƙasa kuma, inda ido ba ya gani, ruwan da ke komawa baya yana kwashe yashi da tsakuwa daga gindin katanga, har a samu kogo a ƙarƙashin daɓen da mutane ke tafiya a kai. Daga sama komai lafiya lau, sai ranar da motar ɗaukar kaya ta taka. Kankaren da aka zuba a shekarun 1960 ya shekara kusan sittin yana shan wannan.

Duk wannan, kowace tashar teku a duniya tana fama da shi. Abin da ya sa na Tristan ya zama na dabam shi ne, duk abin da za a gyara tashar da shi, ta cikin tashar zai shigo. Siminti, rodi, injin kwaɓa kankare, katafila, ƙarafan da ake zuba dolos a ciki, abincin ma'aikata, duk sai an sauke su daga babban jirgi zuwa kan jirgin fito yana ta tangaɗi, a ratsa bakin tashar da ta lalace, sannan ƙugiya, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, ta ɗaga su zuwa tudu. Abin da jirgin fito da ƙugiyar tasha za su iya ɗauka shi ne iyakar nauyin kowane kaya guda da zai taka tsibirin. Injin da ya wuce wannan sai an kwance shi gunduwa-gunduwa a Cape Town, a sake ɗaura shi a Tristan. Sannan girman ƙugiyar da aka iya saukewa shi ke yanke girman dolos da za a iya ajiyewa a ƙarshen katanga, inda ya fi nisa kuma ya fi shan duka. Wato lissafin Hudson yana cewa ka ƙara nauyi, ƙugiya tana cewa iyakata ke nan. A babbar tasha ƙugiya mai iyo a kan ruwa ake haya. A nan sai an jawo ta kilomita 2,800, kuma babu inda za ta fake in iska ta juya.

Ita ƙugiyar tashar ba kayan gyara kawai take ɗagawa ba. Ba a barin kwale-kwale ya kwana a ruwan Calshot, don igiya tana tsallake katanga ta shigo. Ranar da za a fita kamun kifi, da asuba ake buga wani tsohon tulun gas da aka rataye a gari, kowa ya ji ya san yau ranar su ce. Ƙugiya ta riƙa ɗaukar kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya tana sakawa a ruwa, mutum biyu a kowanne. Da yamma ta sake tsamo su ɗaya bayan ɗaya, da su da abin da suka kamo, a wuce da shi masana'anta inda mata da tsofaffi ke jira. Abin da ake kamawa shi ne lobsta, wani babban jatan lande da ke zama a cikin duwatsun ƙarƙashin teku, ana daskarar da shi a sayar a Amurka da Japan da Turai. Shi ne ƙashin bayan kuɗin shigar tsibirin. Sayar da kan sarki ga masu tara shi da ɗan abin da masu yawon buɗe ido ke kashewa, ƙari ne kawai.

A nan ne aka fi shiga tsaka mai wuya. Ranakun da teku ke kwanciya su ne ranakun kamun lobsta, su ne ranakun sauke kaya in akwai jirgi a waje, su ne kuma kaɗai ranakun da mai ninƙaya zai iya nutsewa ya duba gindin katanga ko a ajiye dolos daidai wurinsa. Ƙugiyar ita ce dai, mazan su ne dai. Mutumin da ke tuƙa katafila a sashen ayyuka na gwamnati shi ne masunci ranar da aka buga tulu, shi ne ɗan dako ranar da jirgi ya zo, yana kuma da gonar dankali da shanunsa. Duk ranar da aka ba wa gyara, an ƙwace ta ne daga abin da ke kawo kuɗi. In an ce a kawo ma'aikata daga waje, jiragen kamun kifin da ke zirga-zirga tsakanin Cape Town da tsibirin fasinja 12 kowannensu ke ɗauka, domin a dokar teku jirgin da ya wuce haka ya zama jirgin fasinja, da nasa sharuɗɗan. Zuwan jiragen a shekara bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma mara lafiyar da za a kai asibiti Cape Town shi ke gaba da kowa a layi. Jirgin bincike na Afirka ta Kudu, SA Agulhas II, ya fi ɗaukar mutane, har yana da jirgi mai saukar ungulu, amma sau ɗaya yake biyowa a shekara, wajen watan Satumba, a hanyarsa ta canjin ma'aikatan tashar nazarin yanayi da ke tsibirin Gough.

Shekarar 2008 ta nuna yadda komai ke rataye da igiya ɗaya. An riga an gano cewa katangun sun yi laushi har ana tsoron hunturu mai zuwa zai iya rufe tashar gaba ɗaya. Birtaniya ta turo wani katafaren jirgin dakon kayan soja, RFA Lyme Bay, da injiniyoyin soja da nasu jiragen fito masu inji, don a yi gyaran gaggawa a watannin Fabrairu da Maris. Kafin su iso, ranar 13 ga Fabrairu, gobara ta cinye masana'antar lobsta tare da janaretocin da ke ba wa garin wuta. Sojoji suka yi aikinsu suka tafi. A watan Afrilu babbar ƙugiyar tashar ta karye. Ga masana'anta na jiran a sake gina ta, ga kayan ginin na bukatar ƙugiya, ga sabuwar ƙugiya ita ma sai an sauke ta da wani abu. Sai a Yulin 2009 sabuwar masana'anta ta fara aiki. An ci gaba da ƙarfafa katangun da kuɗin asusun raya ƙasashe na Tarayyar Turai. A hunturun 2010 guguwa ta sake yi wa tashar ɓarna, a 2011 aka sake gyara da kuɗin Birtaniya, a 2017 aka sake dawowa.

Mai kallo daga nesa zai ce, to me ya hana a yi aiki sau ɗaya mai ƙwari a huta? Hanya biyu ce. Ta farko a zurfafa tashar da ake da ita a tsawaita katangunta. Zurfafawa tana da amfani, don kwale-kwale yakan bugi ƙasa in ruwa ya janye tsakanin igiya da igiya. Amma ƙasan dutse ne, ba laka ba ce da za a yashe, sai an fasa. Kuma akwai wani abin da ba a cika faɗa ba: ruwa mara zurfi shi kansa garkuwa ne. Igiya takan fashe ta zube in tsayinta ya kusa kai zurfin ruwan da take tafiya a kai. Duk mitar da ka tsawaita katanga zuwa cikin zurfi, ka kai ta inda manyan igiyoyi ke isowa da ƙarfinsu cikakke, nauyin dolos da ake bukata ya yi tsalle, mu koma kan maganar ƙugiya. Hanya ta biyu a gina sabuwar tasha wadda jirgi zai iya jingina a jikinta. Wannan aiki ne na kuɗi masu yawan gaske a gaɓar da babu mafaka, ga dutsen da ya yi aman wuta a bakin gari shekara sittin da 'yan kai da suka wuce. Kuma ita ma sabuwar, daga ranar da aka buɗe ta gishiri zai fara cin ta.

Tekun ma ba ya tsaye wuri ɗaya. Tun daga 1900 zuwa yau ruwan tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20. Kamar ba komai ba, amma ƙarin zurfi a gindin katanga izini ne ga igiya mafi girma ta iso ba ta fashe ba. Wani nazarin bayanan tauraron ɗan'adam da aka buga a 2019 ya nuna cewa manyan igiyoyin tekun da ke kewaye da Antatika sun ƙaru da kimanin santimita 30, wajen kashi 5 cikin 100, daga 1985 zuwa 2018. Tristan tana arewa da wannan yanki, amma daga can ne wani kaso na igiyoyin kudancin Atlantika ke tasowa. Ka sa kashi 5 ɗin nan a lissafin Hudson, ya zama ƙarin nauyi na kusan kashi 16.

Sai maganar da kowa ke rayawa a zuci ko bai furta ba: mutum 250 sun cancanci wannan ɗawainiya? Ma'aikatan baitulmali suna son raba kuɗin aiki da yawan kawuna, kuma in aka yi haka babu ƙaramin tsibirin da zai ci jarrabawa. Filin jirgin saman Saint Helena ya lashe kimanin fam miliyan 285 don mutum wajen 4,500, ga shi kuma sai a Oktoban 2017 jiragen fasinja suka fara sauka a kai a kai saboda matsalar iska. A 2023 gwamnatin Birtaniya ta ware kusan fam miliyan 27 don sabon jirgin fito da gyaran tashoshinsa saboda Fair Isle, wani tsibiri a arewacin Sikotilan mai mutum kamar 60. A raba, kowane kai ya tashi a fam dubu ɗari huɗu da wani abu. In da wannan ma'auni ake bi, da an yi wa wuraren nan abin da aka yi wa St Kilda, wani tsibirin na Sikotilan, inda a Agustan 1930 aka kwashe mutum 36 na ƙarshe aka bar wa tsuntsaye tsibirin.

To amma an gwada wannan a Tristan, an kuma ji amsar mutanen: 148 da 5. Ban da haka, ma'aunin kawuna yana mantawa da abin da zaman mutanen ke riƙewa. A Nuwamban 2020 majalisar tsibirin ta ayyana kimanin murabba'in kilomita 687,000 na ruwanta a matsayin yankin da aka hana kamun kifi da haƙar ma'adinai, wato kamar kashi uku cikin huɗu na faɗin Najeriya. Birtaniya tana tinƙaho da wannan a tarukan duniya. A Maris ɗin 2011 wani jirgin dakon waken suya mai suna Oliva, da ya taso daga Brazil, ya hau duwatsun tsibirin Nightingale da ke kusa da Tristan ya dare biyu, baƙin mai ya malala. Taimako daga Cape Town sai da ya ɗauki kwanaki. Mutanen Tristan ne suka kwaso dubban tsuntsayen fengwin da mai ya lulluɓe, suka shigo da su ta tashar Calshot, suka mai da wurin ninƙayar garin wurin jinyarsu. Ƙasar da ke son a ce tana da wannan teku, kuɗin katanga biyu da ƙugiya shi ne harajin da take biya. A ƙa'idar Birtaniya kanta, bukatun yankunanta na ƙetare su ne ke da haƙƙin farko a kan kuɗin agajin da take bayarwa.

Sai dai tukunyar tana ta raguwa. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta rufe wa yankunanta ƙofar asusun da ya taɓa biyan kuɗin aikin tashar. A 2021 aka rage kuɗin agajin ƙetare daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5, a Fabrairun 2025 kuma aka sanar za a sake rage shi zuwa 0.3 nan da 2027. Kuɗin lobsta yana biyan albashi da gudanar da gari, amma bai kai ya ɗauki babban aikin teku ba.

Abin da na fi ganin laifinsa shi ne salon da kuɗin ke zuwa. Yana zuwa ne a dunƙule, bayan ɓarna ta faru, da sunan aikin gaggawa. Kowane zuwa sai an sake ɗauko masu ba da shawara, a sake ba da kwangila, a sake hayar jirgi, a sake kwance injuna a ɗaura, kuma wannan ɗawainiyar kai kaya da dawo da su tana cin babban kaso kafin a kwaɓa shebur ɗaya na kankare. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba a jira sai soro ya rufta. Kowace shekara kafin damina ake yaɓe, a toshe tsaga, a gyara indararo, kuma babu mai cewa maginin ya cuce shi don ya sake kwaɓa ƙasa bana. Katangar dolos haka take so. In guda goma sun karye ko sun gangara a hunturun bana, a cike gurbinsu kafin na baɗi. In aka bari, giɓin ne zai ba wa igiya wurin kamawa, goma su zama ɗari.

Wannan yana nufin a auna nasarar kwangila da abin da ta bari a tsibirin, ba da abin da ta gina kaɗai ba. A bar ƙarafan zuba dolos. A bar ƙugiya mai ƙarfin da ya dace, da kayan gyaranta a ajiye, da mutanen gari da suka iya kwance ta. Zuba dolos aikin tudu ne, ana iya yinsa a ranakun da teku ya hana fita, waɗanda su ne suka fi yawa, a jibge su suna jira, ta yadda ranar da ruwa ya kwanta ajiyewa kawai za a yi. Shi ma yana da wahalarsa. Siminti ba ya jure ajiya a wuri mai laima, yakan daskare a buhu, don haka sai an riƙa kawo shi kaɗan-kaɗan tare da kayan masarufi. Hannayen da za su yi aikin ma suna raguwa, don garin yana tsufa, tsofaffi suna ƙaruwa, yara kaɗan ake haifa. Duk da haka ya fi arha a kan jirgin soja mai tsawon fiye da mita 170.

Akwai kuma wani cikas da ba ruwansa da teku. Damina da rani na can a juye suke da na Turai. Watannin da aka fi samun kwanciyar ruwa a Tristan su ne daga Disamba zuwa Maris, shi ya sa sojojin 2008 suka zo a Fabrairu. Shekarar kuɗi ta gwamnatin Birtaniya kuwa tana ƙarewa ne ranar 31 ga Maris. Wato lokacin aiki yana faɗowa daidai wutsiyar kasafi. In an makara wajen sa hannu a kwangila da 'yan makonni, ko kaya suka rasa jirgin da ya kamata su hau, ba wata guda aka yi asara ba, shekara ce sukutum, da hunturu guda a tsakani, kuma kuɗin da ba a kashe ba sai an sake neman izininsa a sabon kasafi. Tsarin da zai yi wa Calshot amfani shi ne a ware mata kuɗi na shekara biyar ko goma a jere, wanda ba ya mutuwa a ƙarshen Maris, a kuma bar wa majalisar tsibirin da sashen ayyukanta ikon cewa yau za a zuba dolos, gobe za a fita kamun lobsta.